Yadda ake zama malamin jami'a a fannin falsafar muhalli da manufofin ɗorewa

Duk shekara sai an samu ɗalibi ko ɗaliba da suka gama digirin farko a jogurafi ko kimiyyar siyasa ko shari'a, wani lokaci ma daga sashen nazarin addinin Musulunci, su zo da tambaya iri ɗaya: Malam ni fa harkar muhalli nake so, amma ba gwajin ƙasa a lab ko zana taswira ke jan hankalina ba, abin da ke ci min rai shi ne idan manomi da makiyayi da masunci suka haɗu a kan fadama ɗaya wa ya fi cancanta, kuma wa ya ba gwamnati ikon yanke hukunci a madadin jikokin da ko haifarsu ba a yi ba, to akwai aikin jami'a da ake yi da irin wannan tunanin? Akwai. Shi ne falsafar muhalli, in kuma ka haɗa shi da yadda ake tsara doka da kasafin kuɗi da shirye-shiryen gwamnati don kada a cinye arzikin ƙasa a bar na baya da hamma, ka shiga manufofin ɗorewa ke nan. Hanyar siririya ce, guraben ba su da yawa ko a Turai da Amurka, amma ana bin ta, ga yadda nake ganin ya kamata a bi ta daga nan inda muke.

Mataki na 1: ka san sashen da zai ɗauke ka

Jami'a ba ta ɗaukar mutum don yana son muhalli, sashe ne ke ɗauka, kuma in sun buɗe fayil ɗinka abin da za su fara dubawa shi ne ko digirinka na farko da na biyu da na uku suna kan layi ɗaya da nasu, don in 'yan NUC, hukumar kula da jami'o'in Najeriya, sun zo tantance kwas su ma abin da za su duba ke nan. Mutum ya yi kemistiri a farko, mastas a hulɗar ƙasa da ƙasa, PhD a falsafa, ilimi kam ya tara shi masha Allah, amma ranar ɗaukar aiki kowane sashe sai ya ce ai na wancan sashen ne. Saboda haka tun kana bautar ƙasa ka yanke shawara.

Ƙofa uku ce. Ta farko sashen falsafa kansa, waɗanda suka fi daɗewa suna kudu, Ibadan da Ife da Legas da Nsukka da Kalaba, a arewa kuma akwai na ABU Zariya da na Jami'ar Abuja, a Jos an haɗa shi da nazarin addini. Ta biyu jogurafi da kula da muhalli, wadda ta fi faɗi a arewa, BUK na da tsangaya guda ta kimiyyar ƙasa da muhalli ga kuma Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa wato CDA, Jami'ar Maiduguri na da cibiyar nazarin yankunan fari. Ta uku kimiyyar siyasa ko gudanar da mulki ko shari'a. Shawarata, in digirinka na farko yana ɗaya daga cikin ukun nan ka zauna a inda kake ka jawo falsafar ta same ka a can, in kuma daga nesa ka taho, kamar injiniya ko likitan dabbobi, to yi difloma ta bayan digiri wato PGD ta shekara guda a sashen da kake hari kafin mastas, ita ce gadar da jami'o'inmu suka yarda da ita. 'Yan'uwanmu na Nijar tsarinsu lisans ne da mastar da doktora, ƙarin girma kuma ta hannun CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, yake bi, amma maganar daidaita layi ɗaya ce.

Mataki na 2: karatun da ba wanda zai ba ka a aji

Fannin nan yaro ne. A 1949 aka buga rubutun Aldo Leopold inda ya ce a faɗaɗa ma'anar al'umma ta haɗa da ƙasa da ruwa da tsirrai da dabbobi. A 1967 Lynn White ya buga maƙala a mujallar Science yana ɗora alhakin ɓarnar muhalli a kan yadda Kiristancin Turai ya ɗauki mutum a matsayin mai mallakar halitta, har yau ana gardama a kanta. A 1973 Arne Naess ɗan Norwe ya raba masu kare muhalli gida biyu, masu yi don amfanin mutum kawai da masu cewa halitta na da daraja a karan kanta, mujallar farko ta fannin kuma, Environmental Ethics, sai 1979 Eugene Hargrove ya kafa ta. Waɗannan dole ka san su, ko ba ka yarda da su ba, don duk wanda zai duba aikinka a waje su ya karanta.

A ɓangaren manufofi ka fara da rahoton Brundtland na 1987, wanda ya ce ci gaba mai ɗorewa shi ne biyan buƙatar mutanen yau ba tare da an hana na gobe biyan tasu ba. Sai ka haɗa Garrett Hardin na 1968 da Elinor Ostrom ta 1990 ka karanta su a mako ɗaya, shi ya ce duk makiyayar da ba ta da mai ita ƙarewa za ta yi don kowa zai ƙara shanunsa, ita kuma ta zaga ta tattaro misalan al'ummomin da suka shafe ɗaruruwan shekaru suna kula da ruwa da daji da makiyaya na tarayya da dokokinsu na gida, har ta samu kyautar Nobel a 2009. Duk wanda ya tashi inda ake da burtali da sarkin ruwa da sarkin noma zai ga kansa a cikin wannan gardamar.

Kada ka tsaya a Turawa. Segun Ogungbemi a Najeriya, Godfrey Tangwa a Kamaru da Workineh Kelbessa a Habasha, wanda ya yi aiki a kan Oromo, duk sun yi rubutu a kan ɗa'ar muhalli ta Afirka. A ɓangaren Musulunci Seyyed Hossein Nasr tun 1966 ya gabatar da laccoci a Chicago a kan rikicin mutum da halitta, akwai sanarwar Istanbul ta 2015 a kan sauyin yanayi da kundin Al-Mizan da aka ƙaddamar a Nairobi a 2024. Nan ne kai da ka yi makarantar zaure ka fi wani Bature jari, babin raya mataccen fili a fiƙihun Malikiyya, hukuncin hurumin rijiya da na kogi, hima wato filin da shugaba ke keɓewa don amfanin jama'a, hadisin da ke cewa an yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta, ga Malam Abdullahi na Gwandu da ya yi littafi sukutum a kan hanyoyin mallakar fili. Sai dai fa a kula, jera ayoyi da hadisai a ce Musulunci ya riga kowa wa'azi ne, kuma wa'azi na da wurinsa, amma sashen falsafa hujja yake nema, me hukuncin hima ke cewa a kan dajin gwamnati da aka hana makiyaya shiga, a ina ya dace, a ina ya gaza, me mai adawa zai ce.

Kuɗin littafi kada ya tsayar da kai, Stanford Encyclopedia of Philosophy kyauta ce a intanet, PhilPapers na nuna maka wa ya rubuta me, AJOL na da mujallun Afirka. Ka sa Zotero, manhajar adana bayanan littattafai da maƙalu, a kwamfutarka tun yau ka dinga adana duk abin da ka karanta da ɗan bayanin layi biyar, ranar rubuta tesis za ka gode Allah.

Mataki na 3: ka kama rigima ɗaya ta gaske ka riƙe ta

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci a wurina, kuma nan ake yawan zamewa. Ɗalibi zai kawo take kamar "Ɗa'ar muhalli da ci gaba mai ɗorewa a Afirka", shafi ɗari biyu ba sunan ƙauye ko ɗaya a ciki, ba mai falsafa da zai ƙaru da shi, ba ma'aikacin gwamnati da zai ƙaru. Abin da ke sa a san ka shi ne wuri ɗaya, rigima ɗaya, da ka sani fiye da kowa, sannan ka tono tambayar cancanta da aka binne a cikin lissafi.

Bari mu ɗauki kogin Haɗeja mu gani. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ruwan da aka tare yana shayar da noman rani na su Kura da Kadawa yana kuma ba birnin Kano ruwan sha. A ƙasa kuma akwai fadamun Haɗeja da Nguru, inda ambaliyar damina ce rayuwar mutane, da ita ake noman shinkafa, in ta janye a shuka a danshinta, a kama kifi, shanu su samu ciyawar rani, ruwan ƙasa ya cika rijiyoyi, ragowar ta wuce Gashuwa ta bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Da aka tare ruwan ambaliyar ta ragu, yadda ake sakinsa kuma ya canza, kacala ta samu wuri ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwan ruwa ya yi musu yawa wasu ya daina zuwa musu. Masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun yi lissafi a shekarun 1990 suka nuna in aka auna da yawan ruwan da aka yi amfani da shi, amfanin fadamar ya fi na noman ranin sama.

To ina aikinka a nan? Na farko ka tambaya, a ce lissafin ya fito akasin haka, noman rani ya fi riba, shin hakan ya halatta a ɗauke wa masuncin Nguru abincinsa ba a tambaye shi ba? In ka ce a'a, to ka yarda akwai haƙƙin da riba ba ta saye, sai ka faɗi wane iri ne, na wanda ya riga amfani da ruwan ne, ko na wanda ya fi rauni, ko haƙƙin a saurare ka kafin a yanke. Na biyu, matar da ke Kurna ko Rijiyar Lemo tana sayen ruwa a jarka daga 'yan garuwa, ita ma talaka ce, ita ma ruwan nan take jira, ka ga ba a ce mugu da nagari ba ne, talaka biyu ne a bakin kogi ɗaya. Na uku makiyayin da ke zuwa da rani kawai, ba shi da gona ba ya cikin rajistar kowace ƙaramar hukuma, wa ke wakiltarsa a teburin rabon ruwa? Na huɗu tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a wannan dausayi, suna da wani matsayi a lissafin ko sai in masu yawon buɗe ido sun biya kuɗi? Kowace ɗaya a cikin huɗun nan babi ce, daga ƙarshe kuma ka sauko ƙasa ka ce ga yadda ya kamata Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta tsara jadawalin sakin ruwa, ga waɗanda ya kamata su zauna a kwamitin. Ka ga falsafa da manufa sun haɗu a aiki ɗaya.

Irin wannan suna nan birjik. Gubar dalma ta Zamfara a 2010 da ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gida, tambayar ita ce me ake nufi da zaɓi in talauci ne ya zaɓa wa mutum. Ɓallewar madatsar Alau a Satumbar 2024 da ta shanye Maiduguri, alhakin wa, sama ko sakaci. Farfaɗo da itatuwa a gonakin Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980, inda manoma suka dinga barin tohon kututture ya girma har aka ƙiyasta hekta miliyan 5, abin da ya kankama sosai bayan manomi ya fara jin cewa gawon da ke gonarsa nasa ne ba na jami'in gandun daji ba, ka kwatanta shi da dashen Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007. Ga mai karatun shari'a kuma, sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ce gwamnati ta kare muhalli, amma yana cikin babi na biyu wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta shi, alhali sashe na 24 na Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam ya ba al'umma haƙƙin muhalli mai kyau kuma Najeriya ta mayar da ita doka. Tesis guda ce wannan.

Mataki na 4: mastas, da neman shiga tun da wuri

In ka fita da fes kilas ko 2:1 mai ƙarfi ka nemi GA, wato mataimakin malami mai digirin farko, a jami'arka ko a sababbin jami'o'in tarayya da na jiha, ko albashin bai taka kara ya karya ba, don ma'aikaci ne kawai ke samun hutun ƙaro karatu da albashi da tallafin TETFund, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu. A mastas ka dage makinka ya kai kashi 60 ko 4.0 cikin 5.0, a wasu jami'o'inmu shi ne sharaɗin wucewa PhD kai tsaye, ƙasa da haka sai a ce ka bi ta MPhil, digirin da ke tsakanin mastas da PhD, ka ƙara shekaru. Ka ɗauki kwas ɗin mantiƙi da na falsafar siyasa da gaske, ka kuma lallaɓa ka zauna a ajin hanyoyin bincike na 'yan nazarin zamantakewa da ajin tattalin arzikin muhalli ko ba a rajistarka suke ba.

Me ya sa tattalin arziki? Don can ake ɓoye hukuncin ɗa'a a cikin lamba. A 2006 da Nicholas Stern ya fitar da rahotonsa na sauyin yanayi wa gwamnatin Birtaniya ya ce a kashe kuɗi sosai yanzu, William Nordhaus ya ce a bi a hankali, babban abin da ya raba su lamba ce guda, wadda ke nuna nawa ake rage darajar jin daɗin mutumin gobe don kawai shi na gobe ne, Stern ya sa 0.1 cikin 100 a shekara, Nordhaus 1.5. Wannan ai tambayar falsafa ce tsantsa, amma in ba ka iya karanta teburin ba ba za ka ma san an amsa ta a gabanka ba.

Mataki na 5: PhD, a ina kuma da kuɗin wa

Sufabaiza ake bi, ba sunan jami'a ba. A Amurka Jami'ar Arewacin Texas da ke Denton ta yi suna a falsafar muhalli, can J. Baird Callicott ya koyar, Stephen Gardiner mai aiki a kan ɗa'ar sauyin yanayi yana Jami'ar Washington a Seattle, kuma PhD ɗin falsafa a can shekara biyar zuwa sama ne, galibi da tallafi kana koyar da ƙananan azuzuwa. A Holan da Suwidin da Norwe PhD aiki ne mai albashi, tallata gurbin ake yi kamar kowane aiki, ka dinga leƙa AcademicTransfer da PhilJobs da jobs.ac.uk, ka sa ido a kan Utrecht da Wageningen da Delft da Lund. A Ingila akwai tallafin Commonwealth, Chevening kuma na mastas ne kawai kuma sai kana da shekara biyu ta aiki, Jamus na da DAAD. A nan yankin akwai WASCAL, cibiyar binciken sauyin yanayi ta Afirka ta Yamma da Jamus ke ɗaukar nauyi, tana da shirye-shiryen PhD na sauyin yanayi a Minna da Akure da Yamai, kodayake sun fi karkata ga kimiyya. TETFund ta dakatar da tura malamai waje daga farkon 2025, saboda haka kada ka gina shirinka a kanta sai ka tabbatar da halin da ake ciki a lokacin da kake nema.

Yin PhD a gida ba faɗuwa ba ce, musamman in rigimarka tana Nguru ko Bagega ta Zamfara inda aka yi gubar dalma, amma ka sa lissafin yajin aiki, na ASUU a 2022 wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Abin da ya fi shi ne ka yi rajista a gida ka nemi sufabaiza na biyu a waje da ziyarar bincike ta 'yan watanni, Fulbright da Commonwealth duk suna da irin wannan tsarin.

Imel ɗin da za ka tura wa farfesa kada ya wuce rabin shafi. Ba "ina fatan kana lafiya, ni maraya ne mai son ilimi". Layin farko ka ce ka karanta maƙalarsa kaza ta shekara kaza, ga wurin da kake ganin hujjarsa ba ta yi aiki a fadamar Haɗeja ba saboda makiyayin da ba shi da mazauni ɗaya, layi na gaba ka faɗi tambayarka a jimla guda, sai ka ce kana jin Hausa da Larabci ko Fulfulde ko Kanuri kuma kana iya shiga wurin, ka liƙa furofozal mai shafi biyu zuwa uku da CV, ka tambaya ko yana ɗaukar ɗalibi bana. In mako biyu ya wuce shiru ka tuna masa sau ɗaya, in ya sake shiru ka wuce gaba.

Mataki na 6: ka je wurin da ƙafarka

Michael Mortimore ya koyar a Zariya da Kano, ya yi shekaru yana komawa ƙauyuka irin su Dagaceri yana kallon yadda mutane ke jure fari, aikinsa ya taimaka wajen karya zancen cewa manomin Sahel shi ke jawo hamada da jahilcinsa. Shi jogurafa ne, amma darasin naka ne. Ka samu takardar izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka kafin ka fita, mujallu masu kyau na tambaya. Ka fara gaida hakimi da dagaci da mai unguwa, amma kada hirarka ta ƙare a ƙofar fada, ka je mashaya, ka je ruga, in namiji ne kai ka nemi abokiyar aiki mace da za ta shiga cikin gida, don masu ɗebo ruwa da itace su ne ba a cika jin ta bakinsu ba. Kada ka tambayi dattijo mene ne ra'ayinsa a kan adalci, ka ce Baba shekarar da ruwa bai zo ba wa aka fara bari ya sha, wa ya yanke, akwai wanda ya ƙi yarda? A amsar nan ƙa'idar take. Ka nemi izini kafin ka kunna rikoda, ka sakaya sunaye, ka kuma leƙa Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna da Arewa House don fayilolin gandun daji da na makiyaya tun zamanin En'e.

Mataki na 7: bugawa

Ka fitar da maƙala biyu daga tesis kafin ka kare shi, ɗaya ta hujja zalla ka kai Environmental Values ko Environmental Ethics ko Ethics, Policy & Environment, ɗaya mai bayanan fili ka kai irin su Climate Policy ko Land Use Policy. Za a ƙi ka, kowa ana ƙin sa, wani lokaci bayan wata shida na jira. In aka ce gyara ka dawo da ita to albishir ne, ka buɗe tebur mai gida biyu, hagu abin da mai dubawa ya ce, dama abin da ka yi da lambar shafi, inda ba ka yarda ba ka faɗa cikin ladabi da dalili. Ba a tura maƙala ɗaya mujalla biyu a lokaci guda. Mujallar da ke turo maka imel tana yabonka ta ce kawo dala kaza a buga cikin kwana uku, guje ta, ko ta ƙara maka maki a gida za ta zubar maka da mutunci a waje, ka duba sunanta a Scopus ko DOAJ, shafukan da ke jera mujallun da aka tantance, tukuna. Haka al'adar nan ta "sa sunana in sa naka", mutum bakwai a kan maƙalar falsafa mai shafi takwas, duk wanda ya gani ya san abin da aka yi. Ka buɗe ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, da Google Scholar, ka shiga ƙungiyar ISEE ta masu ɗa'ar muhalli da ta malaman falsafa ta Najeriya, ka sa ido a kan tallafi da tarukan CODESRIA, ƙungiyar binciken zamantakewa ta Afirka da ke Dakar.

Mataki na 8: hawa tsani

Da mastas mataimakin lakcara ne kai, sabon PhD galibi Lakcara II, sai Lakcara I, Babban Lakcara wanda ba a kai shi sai da PhD, Rida ko mataimakin farfesa, sai Farfesa, tsakanin kowane hawa aƙalla shekara uku, biyun ƙarshe kuma sai an tura ayyukanka ga masu dubawa na wajen jami'a. Ranar da ka kama aiki ka nemi kundin sharuɗɗan ƙarin girma na jami'arka ka karanta, kowace da yadda take ba da maki ga maƙala da babin littafi da takardar taro, rahoton da ka rubuta wa gwamnati kuma sau da yawa makinsa kaɗan ne ko babu. Za a jibga maka GST, kwas ɗin gama-gari na kowane ɗalibi, na falsafa da mantiƙi mai ɗalibai ɗaruruwa, da aikin jami'in jarrabawa, ka ware safiya biyu a mako da ba ka zuwa ofis sai rubutu. Wata dama kuma, sabuwar manhajar CCMAS da NUC ta fitar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara da kanta, ta nan za ka shigar da kwas ɗin ɗa'ar muhalli ko adalcin sauyin yanayi, ka rubuta shi ka kai taron sashe ya wuce tsangaya ya je majalisar jami'a.

Mataki na 9: ƙofar manufofi

Masu falsafa na shiga ɗakin da ake yanke hukunci. John Broome na Oxford yana cikin marubutan babin ɗa'a na rahoton 2014 na IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, Andrew Light ya yi aiki a tawagar Amurka lokacin tattaunawar yarjejeniyar Faris ta sauyin yanayi, namu Farfesa Chukwumerije Okereke da ya yi suna a kan adalcin sauyin yanayi shi ma ya yi rubutu wa IPCC. Kai kuma ka fara daga ƙasa. Ka karanta Dokar Sauyin Yanayi ta 2021 da ta kafa majalisar ƙasa ta sauyin yanayi, da alkawarin da Najeriya ta yi a Glasgow na daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake zuƙewa daga iska nan da 2060, da dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992, da takardun ACReSAL, shirin Bankin Duniya na dala miliyan 700 a jihohin arewa 19 da Abuja. Rahoton tantance tasirin babban aiki ana ajiye shi kwana 21 na aiki don jama'a su duba su yi tsokaci, kusan ba mai zuwa, kai ka je ka karanta ka rubuta shafi biyu ka miƙa a karɓa a buga maka hatimi. In majalisar jiha ko ta tarayya ta kira jin ra'ayin jama'a a kan ƙudurin ruwa ko kiwo ko daji ka tura takarda. In IPCC ta buɗe rajistar masu duba daftarin rahoto, mai ƙwarewa na iya sa kansa ba sai gwamnati ta tura shi ba.

Kowace maƙala ka yi mata taƙaitawa ta shafi biyu da kwamishina zai iya karantawa a mota, shawarar a sama, hujjar a ƙasa, ka kuma yi ta da Hausa ka kai gidan rediyo, don mutanen da ka yi hira da su su ji abin da ka ce a kansu. Daga nan aikin kwangilar ba da shawara zai fara zuwa daga ƙungiyoyi da ma'aikatu, kuɗinsa ya fi albashi nesa ba kusa ba, kuma shi ne ke cinye malamai da yawa a matakin Lakcara I, shekara shida ba maƙala ko ɗaya sai rahotannin da ba wanda zai gani. Ka ƙayyade wa kanka ɗaya ko biyu a shekara, ka sanar da shugaban sashe a rubuce, kafin ka sa hannu kuma ka nemi a sa sharaɗi a cikin kwantiragin cewa kana da damar amfani da bayanan da ka tattara a bincikenka bayan wa'adin da kuka amince, sannan duk maƙalar da ta fito daga aikin ka rubuta a ƙasanta wanda ya biya kuɗin.